Shanun da Ba a Ƙirgawa

Limawa, Dutse.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka inda za ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin direban da bai ƙoshi da barci ba, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka da kowa. Ummanka ce ta ce in sa wannan takarda a jakarka ƙarƙashin ƙullin kilishi, wai nan ne kaɗai ta tabbata hannunka zai kai.

Na yi murna da wannan karatu naka, kada wata rana ka ce ban yi ba. Digiri na biyu a lissafi, kuma ba kowane lissafi ba, wai wanda ake aiki da shi. Sai da ka faɗi haka na gane ashe wancan da ka kwashe shekaru kana yi, muna ta sayen littattafai masu nauyin tubali, na ado ne. Madalla. Ka ce za a koya maka yadda ake tara alƙaluman ruwan sama da na ruwan ƙarƙashin ƙasa da na ciyawa da dabbobi, a zuba su a kwamfuta, ita kuma ta faɗi inda ruwa zai ƙare da inda ya kamata a haƙa rijiya. Abu ya yi kyau ƙwarai. Na ba da labarin a kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwar Jahun, dillalai suka yi tsit don girmamawa, har wani ya cire hula ya mayar. Sai Malam Modu, Babarbaren nan da ba ya barin Bafillace ya sha ruwa da daɗi, ya gyara zama ya ce, "To Alhaji, ita kwamfutar, wa zai gaya mata shanunku nawa ne? Ku da in an tambaye ku 'ya'yanku nawa sai ku ɗaga kai sama kamar kuna duban hadari?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, na rama da abin da ya samu. Amma a mota, tun daga Jahun har Dutse, maganar ta ƙi sauka daga kaina. Ita ce ta zaunar da ni nake wannan rubutu, ni da rabona da doguwar wasiƙa tun ina neman auren Ummanka.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, yanzu ka bar shi. Abu ɗaya ne zan tuna maka. Ka san halin da rugarmu take ciki. Rijiyar da kakanka ya haƙa, shi da aka sa maka sunansa, yanzu kafin rani ya yi nisa laka guga yake kwasowa. Baffanka Ja'e ya faɗa mini a gaban kakarka Inna, ba da fushi ba, cewa ranin nan mai zuwa shi ne na ƙarshe. In ba a samu ruwa ba zai kaɗa shanun ya yi kudu, kuma ba irin tafiyar da ake dawowa da damina ba. Inna ta ce ita ba inda za ta, a bar ta kusa da kabarin mijinta. Ka ga ke nan gidan zai tsage biyu, tsohuwa a kango, shanu a ƙasar da ba mu san kowa ba. Ni kuwa ina Limawa ina buɗe famfo, kowa yana kallona ta gefen ido, don kowa ya san da hannuna a cikin rashin ruwan nan. Ba asiri ba ne, har matan rugar sun sani. Kai ne dai ba a taɓa zaunar da kai an jera maka shi daga farko ba, kana ta karatu.

Ni dillali ne. Na gama elementare, na ɗan taɓa kwalejin horon malamai kafin kara ta janye ni. A kara na koyi cewa adadi ba abin faɗa ba ne, abin ja ne. Mai saniya ya ɗora nasa a sama, mai saye ya ajiye nasa a ƙasa, ni in tsaya a tsakiya ina zufa har su haɗu. Wanda ya faɗi gaskiya tun karon farko, baƙo muke ce masa. Da wannan ilimin na ciyar da ku, ba na zagin sa. Kuskurena shi ne na ɗauke shi na kai shi inda ba kasuwa ba.

A shekarun da aka ba mu jiha, Dutse ta tashi daga garin da akuya ke kwana a tsakiyar titi ta zama babban birni, sai ga wasu ma'aikata da farar mota suna zagaya ƙauyuka. An ce za a haƙa rijiyoyin burtsatse, amma ba za su ishi kowa ba, don haka sai an ƙirga mutane da dabbobi a ga inda ƙishirwa ta fi yawa. Shugabansu wani injiniya ne siriri mai tabarau, ba ya cin goro, ba ya dariya sai da dalili. Suna neman wanda ya iya Fillanci da Hausa da ɗan Turanci ya yi musu tafinta, aka nuna ni. Na sa babbar riga na shiga gaban mota, ina jin kaina kamar da ni aka ƙirƙiro jihar.

Ana gobe za mu isa rugarmu na riga su zuwa. Baffanka ya ce, "Me suke nema?"

Na ce, "Ƙirga, Yaya."

Ya ce, "Ƙirgar me?"

Na ce, "Shanu."

Ya juya yana duban garke. Kai ba ka san jangali ba, an soke shi kafin ka yi wayo. Mu mun tashi muna ganin babanmu yana kora rabin garke cikin daji da ya ji masu jangali sun doso. Ban da wannan, a gidanmu ba a faɗin adadin shanu da baki, kamar yadda ba a faɗin adadin 'ya'ya. Abin da aka ƙirga a fili, in ji su Inna, baki ya kama shi. Baffanka ya yarda da wannan har cikin ƙashinsa. Ni ban yarda da shi sosai ba, na yi boko. Ni abin da na yarda da shi wayo ne. Na ji injiniyan da kunnena yana cewa ruwa za a kawo, amma ni ina ganin na fi shi sanin gwamnatin da yake wa aiki. Don haka da Baffanka ya ce, "Kai da ka zauna da su, me ka gani?" sai na ce, "Yaya, gwamnati ba ta sake hali, riga take sakewa. Yau ruwa, gobe haraji. A rage."

Da gari ya waye aka kora shanun bayan tudun yashi, aka bar 'yan tsofaffi da maruƙa. Injiniya ya zo ya zauna a tabarma, aka kawo masa kindirmo ya sha. Ya ce in tambayi maigida shanunsa nawa. Baffanka ya ce, "Seɗɗa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce kaɗan ne."

Ya ce, "Kaɗan nawa?"

Na ce, "Abin da idonka ya gani."

Ya tashi ya zagaya inda shanu ke kwana, hannu a baya. Ya tsaya yana duban ƙasa, sannan ya ce, "Alhaji, duk wannan kashin, 'yan tsofaffin nan ne suka yi shi?"

Na ce, "Baƙi ne suka kwana suka wuce, ranka ya daɗe. Ka san mu da karɓar baƙi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta abin da aka ce masa. Na koma gida ina yaba wa kaina.

Ƙauyen da ke gabas da mu kuwa, su Maigari sun ji wata jita-jita daban, wai takin zamani za a raba gwargwadon yawan mutane da dabbobi. Ranar da muka je, akuyoyin ƙauyuka uku suna garin. An ƙirga waɗanda suka tafi ci-rani Legas, an ƙirga mai ciki mutum biyu, ina jin da an ba su lokaci da sun taso na maƙabarta. Ina tsaye ina fassarawa, ina yi musu dariya a zuci, wai ga wawaye suna kiran haraji da bakinsu.

Injiniya ya koma ofis ya yi lissafinsa, kuma lissafinsa daidai ne, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Inda aka ce masa akwai jama'a da dabbobi, nan ya kai ruwa. Ka san burtsatsen gabas, da tankinsa da dogon kwamin siminti da aka gina don shayar da shanu. Shanunmu aka gina wa shi, a garin da ba shanu. Yau mata ke shanya barkono a ciki. Sun kewaye wurin da lambuna, saniya ba ta kai baki ga ruwan sai ta taka albasar wani, albasa kuwa gaban alƙali take kai mutum.

To ga shawarata ta farko. Kafin ka tambayi mutum adadin abin da ya mallaka, ka fara sanin abin da yake zaton za ka yi da amsar. In yana jin karɓa za ka yi, zai rage. In yana jin rabawa za ka yi, zai ƙara. Ba mugu ba ne, ya taɓa ganin abin da ya faru da babansa ne. Kuma ka sa ido a kan tafinta fiye da mai amsa, musamman in ya sa babbar riga yana yawan cewa ranka ya daɗe. Duk wata lamba da za ka gani an buga ta da kyau a takarda, ka tuna a tabarma aka haife ta, kuma akwai irina a zaune a wurin.

Kuskure na biyu gyara na je yi. Da na ga tanki ya tashi a gabas, na ga ba wanda ya zo karɓar ko sisin jangali, sai na saka rigar nan dai na tafi ofishinsu a nan Dutse. Na ce a raina, tunda ragewa ta kai ruwa wani wuri, ƙarawa za ta dawo da shi. Dillali dai. Na samu injiniya da mutane cike da ofis, na gaishe shi, na ce an yi kuskure wancan karon, shanun rugarmu sun tafi kiwo ne. Ya ce, "To nawa ne?" Na faɗi wani adadi da ko ni da na faɗe shi sai da na ji kunya ta taɓa ni. Na yi haka ne don in ya taya ƙasa mu haɗu a tsakiya.

Bai taya ba. Ya jawo taswira, ya auna faɗin makiyayarmu da wata 'yar sanda, ya danna ƙaramin injin lissafi na ɗan lokaci. Sannan ya cire tabarau, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce, "Alhaji, shanun nan da ka faɗa, in da gaske suna nan, da tuni sun cinye ciyawar har Kafin Hausa, sun dawo sun fara cin jinkar ɗakunanku. Saniya tana da abin da take ci a yini, ƙasa tana da abin da take fitarwa a shekara. Ba ni na ce ba."

Masinja ya yi dariya, mai buga tafireta ta yi dariya, har wani da ya zo neman aiki ya taya su. Injiniya ya ce, "Yanzu ina da lamba biyu daga bakin mutum ɗaya. Wacce zan kai gaba?" Ya rufe fayil ɗin. Bai sake buɗuwa ba har yau.

Na dawo gida ina huci. Ummanka tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Alhaji, ai ka saba sayar wa mutane tsohuwar saniya a matsayin karsana. Yau ka gamu da mai duba haƙori." Ban ci tuwon daren nan ba, ita kuwa ta ci nata da nawa.

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan, amma a ranar ne na fara girmama abin da kake shirin karantawa. Ban taɓa sanin ana iya kama ƙarya ba tare da shaida ko rantsuwa ba, da ciyawa kawai. Sai dai ga shawarata ta biyu, ka riƙe ta ko da ka watsar da sauran. Ranar da lissafinka ya kama dattijo yana ƙarya, kada ka yi dariya a gaban masinja. Ka sallami mutane, ka ja shi gefe, ka ce, "Baba, na ƙasa ya yi ƙasa, na sama ya yi sama, mu nemo na tsakiya." Ka buɗe masa ƙofar da zai fita da hularsa a ka. Da injiniya ya yi mini haka, da na faɗa masa gaskiya kafin shayinsa ya huce. Ya fi ni gaskiya ranar nan, ban musa ba. Amma gaskiyarsa ba ta shayar da ko maraƙi ɗaya ba, ta tsaya a cikin fayil tana jin daɗin kanta. In aikinka ya tsaya a kan nuna wa mutane sun yi ƙarya, ka zama alƙali ne kawai, mu kuwa ruwa muke nema.

Kuskure na uku shi ne wanda har yanzu ya fi damuna. Ana cikin haka aka shigo da yayin injin ban-ruwa. Kowa ya buga 'yar rijiyar bututu a fadama, ya ɗora inji, ya shuka tumatir da alkama. Ni ma na shiga, a fadamar da ke gangaren rugarmu. Wata Juma'a na haɗu da injiniyan nan a bakin masallaci, muka gaisa sama-sama. Ya ce ya ji na zama manomin rani. Ya ce ruwan da ke ƙarƙashin fadamar nan da na rijiyoyin tudu duk ɗaya ne, in aka ja da yawa a nan zai sauka a can, ya kamata a riƙa aunawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ƙasa na Allah ne, ba ya ƙarewa." Ya ce, "Na Allah ne, shi ya sa bai san iyakar gonarka ba." Na ɗauka baƙar magana ce irin ta 'yan boko, na shige sahu.

Rani ya zo ya wuce, wani ya zo. Igiyar gugar rugarmu aka yi ta ƙara mata tsawo. Wata rana da hantsi ina lambu, inji yana ta ɓarin ruwa kamar bakin kogi, sai ga Baffanka da sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Ƙanena, wannan ruwan daga ina yake fitowa?"

Na ce, "Daga ƙarƙashin gonata, Yaya."

Ya ce, "To. Namu ma ta nan ya bi. In ka gan shi ka gaishe shi."

Ya juya ya tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ɗora wa kaina duka ba. Injina ɗaya ne cikin masu yawa, damina ma ta yi ta gajarta a shekarun nan. Amma na sayar da injin don in iya kallon idon Inna. Wanda ya saya ya ɗauke shi ya dasa gona biyu daga tawa, ya ci gaba da jan ruwan nan dai. Ni na rasa tumatir, rijiya ba ta samu komai ba, sai dai Inna ta sa mini albarka. Ka ga inda karatunka yake da aiki, in har yana da shi. Abin da jama'a ke sha daga ƙwarya ɗaya, mutum ɗaya ba ya gyara shi da tubarsa. Sai an samu wanda zai zaunar da kowa ya ce ga abin da ke ƙasa, ga abin da sama take mayarwa, ga rabon kowa. Kuma ka sani tun yanzu, in ka tambaye su awa nawa injinsu yake yi a yini, duk za su ce kaɗan. Ka je wurin mai sayar musu da fetur.

Yanzu ga shari'a ta zo. Na gode wa Allah, ko ba komai rantsuwa ta yi tsada a kara, sai mutum ya waiwaya kafin ya ce wallahi. Da 'yan kwamitin zakka suka je rugarmu na bi su, ba a matsayin tafinta ba, ɗan kallo. Baffanka ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka yanka kaza. Wani matashi a cikinsu ya ce, "Baba, shanun nawa ne, don mu san abin da ya wajaba?"

Baffanka ya ce, "Yaro, ni da Mai su mun san adadinsu."

Ya tashi ya shiga garke da kansa, ya fito da abin da zai fitar, ba ramamme ba gurgu, ya miƙa igiya. Babban malaminsu, wani dattijo da ya san littafi, ya dubi abin da aka fito da shi, ya dubi Baffanka, ya ce wa matashin, "Rufe bakinka, ya cika." Ya yi addu'a suka tafi.

Na tsaya nan kamar an dasa ni. Ka san zakkar shanu tana da ƙa'ida, abin da mutum ya fitar yana nuna abin da yake da shi. Tun kafin a san za a yi wani kwamiti, duk shekara ina ganin abin da Yaya yake fitarwa, ni ne ma nake kai wa waɗanda yake ba. Mutumin da ya ɓoye wa gwamnati, ya ɓoye wa surukansa, ya ɓoye wa ƙaninsa, bai taɓa rage wa Allah ko kofato ba. Amsar tana tafiya a gabana da ƙafa huɗu duk shekarun nan, ni ina can ina ciniki da injiniya. Don haka in ka je ƙirga, kada ka tsaya a baki. Ka dubi abin da mutum yake ba Ubangijinsa, ka dubi kanwar da yake saya, ka dubi daɗewar da garkensa yake yi a bakin rijiya. Wannan ba sai na koya maka ba, ina jin shi ne ma abin da za su koya maka da Turanci su ba ka takarda.

Sai dai ofis ba ya karɓar kofato. Ofis so yake a faɗa da baki, a gaban maigida, maigida ya dangwala yatsa.

Ga dalilin da ya sa na jera maka duk wannan. An ce za a sake zagayen rijiyoyi bayan ƙaramar Salla, daidai lokacin da za ka zo hutu. Injiniyan nan yanzu ya yi furfura, shi ne babba, yara zai turo. Ya aiko a gaya wa mutanen rugarmu zai sake duba maganarsu, da sharaɗi ɗaya, kada Alhaji ya yi tafinta. Baffanka da ya ji ya ce shi ma sharaɗinsa ke nan. Tunda nake ban taɓa ganin mutanen nan biyu sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai a kaina.

Na ce, "To Yaya, wa zai yi musu magana?"

Ya ce, "Abba. Shi ya san yarensu, kuma bai taɓa sayar da saniya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ya san abin da bakinsa zai faɗa a kan dukiyata."

Na ce, "Yaya, in ba a faɗa ba, ba ruwa."

Ya ce, "In aka faɗa, wa zai sha ruwan?"

Inna tana gefe tana jan carbi, ta ce, "Ku bar yaron ya je ya yi karatunsa. In ya dawo ya san yadda zai yi da ku, ku biyun duk kun ishe ni."

Ka ga inda aka ajiye ka ke nan, ba da shawararka ba. In ka rage, ka bi sawuna na farko, ruwa ya sake tafiya gabas. In ka ƙara, ciyawa za ta tona ka kamar yadda ta tona ni, kai da digiri. In ka faɗi gaskiya, wataƙila a haƙa rijiya Inna ta mutu a ɗakinta da jikoki a kanta, amma daga ranar duk maraƙin da ya yi tari a garken nan, bakin Abba ne, har ka tsufa. Ni na gwada hanya biyu na faɗi, ta ukun ban taɓa samun ƙarfin halin gwadawa ba, don haka ba ni da bakin ce maka ga wadda za ka bi. Na gaji, Abba. Na kai shekarun da in na zauna a kara ciniki yana wucewa ta gabana ina kallo, ba na ko miƙewa.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ko malaminku yana tsakiyar magana. Ka ci abinci, lissafi ba ya zama a cikin da ba komai. Kada ka ba abokin ɗaki aron abin da ba za ka iya yafewa ba. In ka dawo kada ka yi wa Baffanka Hausa ta hanci, kuma ka cire takalmi tun daga bakin shinge. In malamanka suka ba ka alƙaluman ƙasarmu su ce ka yi aiki da su, ka karɓa da ladabi, amma in ka ga na yankin Jahun da Kafin Hausa na shekarun nan, ka yi musu addu'a kafin ka zuba a kwamfuta, ka san wanda ya yi tafinta.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya buɗe maka abin da ka je nema, Ya sa ka fi ubanka amfani ga mutane. Allah Ya raba ka da ciwo a baƙon wuri, Ya dawo mana da kai lafiya, mu ma Ya sa ka same mu da rai, Inna tana ɗakinta, shanu suna inda ka bar su. Ummanka tana gaishe ka, ta ce kilishin na wata guda ne, ba na mota ba. Wassalam.

Mahaifinka.

Na rufe takarda sai na tuna wani abu. Ranar da sakamakonku na digirin farko ya fito, na tambaye ka yaya aka yi, ka sunkuyar da kai ka ce, "Ba laifi, Baba." Sai a kara na ji daga bakin Malam Modu cewa kai ne ka zo na ɗaya. To kai da ba ka iya faɗa wa ubanka makin da ka ci da guminka ba, ranar da yaran injiniya suka buɗe biro, Baffanka yana zaune a gabanka da sandarsa a cinya yana kallon bakinka, shanun nawa za ka ce?